Baburin da Aka Ɓoye a Bayan Tirela

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai babur, sana'arsa kai wa 'yan kasuwa kaya daga shago zuwa gidajen masu saye. Baburinsa ja ne, ya manna masa sitika masu ƙyalli gaba da baya. Ko daga nesa ka hango shi ka san na wane ne.

A bakin kasuwar akwai babban filin ajiye motoci. An ware wa babura wuri kusa da rumfar maigadi, an shata shi da fenti ruwan ɗorawa. Nan kowa yake kafe nasa, a jere, danja na kallon hanya, don mai shigowa da mai fita su gani. Manyan motoci kuwa can ƙarshen fili suke, jikin katanga. Mutumin nan ya san wannan tsari sarai. Shi ne ma mai yi wa sababbin shiga faɗa: "Kada ka kuskura ka ajiye a bayan babbar mota, direba ba ya ganin ka a madubi."

To, sai caca ta kama shi. Akwai wani shago a bayan katangar nan inda ake caca a kan wasan ƙwallo. Matarsa ta yi kuka, wanta ya zo ya yi magana, shi kuma ya rantse ya daina. Bai daina ba. Matsalarsa ɗaya ce: shagon wan matar yana kallon rumfar maigadi. Babur ja ya wuni a kafe, mai shi ba ya kai kaya, ai za a tambaya yana ina.

Me ya yi? Maimakon ya bar cacar, sai ya ɓamɓare sitikun nan tas. Ya samo tsohon tamfol baƙi yana rufa wa babur. Ya koma kafe shi a lungu, tsakanin bayan tirela da katanga, inda shi da bakinsa ya hana wasu. Bai ji tsoron idon Allah ba, idon suruki ya ji tsoro. Na ga wasu a nan sun fara sunkuyar da kai, ku ɗago, ban kira sunan kowa ba.

Mahaifinsa tsoho ne, yanar ido ta kama shi, sai dishi-dishi yake gani. Ranar da likita ya ce a kawo shi, ɗan ya goya shi a babur da hantsi. Suna zuwa daidai kasuwa zuciyarsa ta raya masa akwai wasa yau. Ya karya kan babur ya shiga fili, ya wuce wurin babura, ya wuce maigadi, ya shige lungunsa.

Tsoho ya ce, "Har mun iso asibitin?"

Ya ce, "A'a Baba, saƙo zan karɓa. Zauna nan a inuwa ka kula mini da babur, yanzu zan dawo."

Ya zaunar da mahaifinsa a ƙasa, jikin babur, a bayan motar da tayarta ta fi tsohon tsawo in yana zaune. Ya tafi.

Direban tirelar ya gama lodi ya zo ya tada mota. Ya duba madubin dama, ya duba na hagu, bai ga komai ba. Me zai gani? Ya sa ribas.

Ya 'yan uwa, tsohon nan ya ji ƙarar mota tana matsowa. Da ya rarrafa gefe da ya tsira. Amma ya san da wannan babur jikokinsa suke cin abinci, kuma an ce ya kula da shi. Sai ya miƙe ya lalubo kan babur yana ja da ɗan ƙarfinsa, yana kiran ɗansa.

A cikin shago an ji ihu. Wani ya leƙo ya ce mota ta take wani tsoho a fili. Mutumin nan ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan rai, bari dai a tashi wasan."

Sai da aka tashi ya fito. Ya tarar da taro, ya tarar da wan matarsa durƙushe, rigarsa duk jini, yana tallafe da kan tsoho. Ya faɗi a gabansa yana kiran Baba, Baba. Tsoho ya lalubo hannunsa ya riƙe.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Na yi ta ja, ya fi ƙarfina. Ya lalace sosai?"

Bai kai asibiti da rai ba.

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai harshena ya yi nauyi. Mahaifiyar mai babur ɗin ba ta tsine masa ba, amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara haɗa ido da shi ba. In ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta tafi. Direban da bai san hawa ba bai san sauka ba ya ajiye tuƙi. Shi kuwa yana nan da rai, ba ya iya zama a ɗaki, ba ya iya jin babbar mota tana ja da baya sai ya toshe kunne. Ƙofar tuba a buɗe take, haka ne. Amma uban da zai durƙusa wa ya roƙi gafara yana cikin ƙasa.

Saboda haka ku ajiye abin hawanku inda aka tanada, a sarari, inda direba da maigadi za su gan shi. In kuma ka sami kanka kana neman lungun ɓoye babur, tsaya ka tambayi kanka ina za ka. Wurin da kake kunyar a ga baburinka a ƙofarsa, ƙafarka ba ta da aikin yi a ciki. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai zunubinka zai ci, wanda ya yarda da kai shi yake fara taɓawa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, kada ya sa mu zama sanadin hawayensu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka amince da mu.