Harsashi Mai Ɗigon Jan Farce

"Dubawa kawai na ce ka yi, Yaya."

"Na duba. Harsashi ne."

"Jera shi da 'yan uwansa mana. Ya fi su gajarta. Kansa ya nutse cikin kwanso."

"Yaushe ka zama maƙeri?"

"Ba sai maƙeri ba. Mai ido ma ya isa."

"To ni makaho ne ke nan? Faɗi abin da ke bakinka, Dogo. Wa ya aiko ka?"

Ya 'yan uwa, bari in gaya muku masu wannan cacar baki.

An yi wani mutum, shugaban masu gadi a wani babban sito na kayan gini. Yana salla. Ba ya sha, ba ya sata. Ciwonsa ɗaya ne: bai yarda da kowa ba. Ka gaishe shi da fara'a, ya ce me kake nema. Ka wuce shiru, ya ce me kake ɓoyewa. Leburori suka laƙaba masa Sa-Ido.

Ƙaramar bindiga guda ce a wurin, ta kamfani. Shi ke riƙe ta da rana, Dogo ya karɓa da yamma. Dogon nan ƙanin matarsa ne. Sa-Ido da kansa ya samo masa aikin, kuma tun ranar yake zargin kujerarsa yaron ke hari.

Ƙa'idar aikin a fili take. Harsasai su zauna a gidansu na cikin bindiga, ba a ɗana bindiga sai an ga haɗari. To amma mutumin da kowa haɗari ne a idonsa fa? Direba ya daɗe a bakin ƙofa, ya ɗana. Mai shara ya leƙa taga, ya ɗana. In abin ya wuce, ya zaro harsashin ya mayar saman sauran.

Bai tsaya nan ba. Don ya kama mai taɓa masa kaya, ya ɗauko jan farcen matarsa ya ɗiga wa harsashin sama a gindi. Kullum shi ne a sama. Kullum shi ke shiga, shi ke fita.

Masu sanin bindiga sun ce duk ɗanawa kan harsashi na bugun ƙarfe. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya nutse ya matse albarushin da ke ciki. Ranar da aka harba irinsa, wutar ba ta samun wurin numfashi. Bindigar ce ke tarwatsewa.

Abin da Dogo ya gani ke nan da safen nan, a ɗakin gadi, suna miƙa aiki a kan tebur. Ya ce a kai wa mai kula da makamai ya canza shi. Sa-Ido ya juya harsashin. Ɗigon ja na nan. Nasa ne, ba a musanya ba. Sai zuciyarsa ta ce masa: tarko ne. Ka kai da hannunka, a ce ka lalata kayan kamfani, a ɗora Dogo.

Kun ji? Ya yarda da ɗigon jan farce, bai yarda da ɗan Adam ba.

Da ya koma gida matarsa ta tare shi da maganar. Ta ce, "Baban yara, ka saurari Dogo. Yaron nan hankalinsa a tashe yake."

Ya ajiye takalmi ya dube ta. "Har an zo an kawo ƙara? Ke da shi kun gama shiri?"

"Wane shiri? Ni dai jan farcena ka dawo mini da shi, tunda ya gama aikin soja."

Bai yi dariya ba. Abincin ma bai ci ba.

Washegari ya tara leburori a bayan sito, inda aka ajiye duro cike da yashi da ake saita bindiga a ciki in za a zare mata harsashi. Ya ce yau zai kunyata maƙaryaci. Dogo ya sha gabansa.

"Yaya, don girman Allah. Kujerar ce? Riƙe abarka. Yau ma sai in bar aikin."

"Ka ji shi," in ji Sa-Ido. "Wa ya ambaci kujera?"

Ya ture shi. Ya ɗana. Ya riƙe da hannu biyu, ya saita duro, ya ja kunama.

Ƙarar ba irin ta harbi ba ce. Da hayaƙi ya lafa, bindigar ta dare gida biyu a ƙasa. Yatsun hannun dama sun tafi. Na hagu sun ƙone. Wani ɓarɓashin ƙarfe ya shige idonsa. Dogon da ya ture ɗin, shi ya cire riga ya ɗaure hannun, shi ya sungume shi zuwa mota.

Kamfani ya bincika ya sallame shi. Kujerar aka ba wani baƙo.

Ya 'yan uwa, wa ya cuci mutumin nan? Ba ɓarawon da ya haura katanga. Ba maƙiyin da ya yi masa kwanto. Da hannunsa ya riƙa tura kan harsashin nan, duk zargi turawa ɗaya.

Haka mugun zato yake. Ba rana ɗaya yake kisa ba. Ka ɗana shi a kan maƙwabci, ka sauke. Ka ɗana a kan matarka, ka sauke. Kana cewa ai ban harba ba. Alhali yana nutsewa, ƙirji na matsewa. Ranar da zai tashi, mai riƙe da shi yake fara ci.

Ba a ce kada ka yi hattara ba. Amma mai yi maka nasiha, duba abin da ya nuna maka kafin ka tona zuciyarsa. Zuciya ta Allah ce, ba a ba ka gadinta ba.

Allah ya wanke mana zukata. Allah ya kiyaye mu da zaton da ke cin mai shi.

Ku sa mutumin nan a addu'a, don har yanzu bai warke ba. Ba hannun nake nufi ba.

A asibiti, hannayensa a naɗe, Dogo ne ke ba shi abinci a baki. Rannan ya ɗebo a cokali, ya hura, ya miƙa. Matar na zaune a gefen gado. Sa-Ido ya dubi cokalin da idon da ya rage masa. Ya dubi matarsa. Ya dubi Dogo.

Ya ce, "Me ya sa ku ba ku ci ba?"