Ramukan Niƙa a Kan Dutse

A zamanin da, a wata ƙasa da ke gindin wani dutse mai tsawo, an yi wani sarki mai suna Jatau. Da matarsa Yalwa ta rasu, sai ya yi rantsuwa zai sa a sassaƙa mata hubbare a kan dutsen, domin sunanta ya daɗe kamar dutse. Ya sa aka tara duk mazan ƙasar don wannan aiki, alhali ruwan shuka ya sauka, gonaki na jira.

Waziri Bawa ya ga idan shuka ta wuce, yunwa ce za ta gaji Yalwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, wadda ba ta da tamka ba ta dace da wurin da wani hannu ya riga ya taɓa ba. Mu hau da kanmu mu zaɓa."

Sarki ya ce, "Da waɗannan gwiwoyin naka, Waziri?"

"Sun ɗauke ni zuwa ɗaurin aurenku, Zaki. Za su kai ni."

Suka kama hawa. A tudun farko sarki ya ce nan ya yi. Waziri ya share ƙasa da sandarsa, sai ga wani rami mai santsi a jikin dutse. Ya ce, "Ramin niƙa ne. Wata mace ta durƙusa nan tana niƙa gero, har dutse ya lotsa."

"Wace ce ita?"

"Ko kakata ba ta san sunan garinsu ba."

Sarki ya ɗaure fuska, ya ce a ci gaba. Suka wuce kufan gidaje da guntun ganuwa da kuka ta tsaga. Duk inda sarki ya nuna, akwai rami. Takalminsa ya tsinke, ya jefar, ya hau ba takalmi, har suka kai ƙololuwa.

Can ma akwai rami guda, ruwan sama ya cika shi, kurciyoyi na sha. Sarki ya tsaya yana kallo, don Yalwa takan ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko kowace safiya. Ya duba ƙasa, ya hango fadarsa kamar ƙwaryar da aka kife, ga gonaki fetal ba kowa.

Ya juyo wajen Waziri. Sannan ya ce, "Dutsen bai riƙe sunan kowa ba, Waziri. Amma wannan baiwar Allah da ta yi niƙa a nan har yau tana shayarwa."

Waziri ya ce, "Mai dawwama ɗaya ne, ranka ya daɗe. Shuka kuwa ba ta jira."

Kafin la'asar aka yi shela kowa ya koma gona. Bayan kaka, sarki ya sa aka haƙa tafki a gindin dutsen, ya hana a sa masa suna. An ce a ranar da ya fara cika, shi da kansa ya ɗebi ruwa a kasko, ya ajiye a inuwa, ya koma gefe yana jiran kurciyoyi.