Yaron da Ya Hau Mangwaro Neman Ubansa

Wannan misali ba a takarda na same shi ba, don ni da boko gaisuwa muke yi daga nesa. Da idona na gani, na daman nan, tun kafin ya fara yi mini gardama. Ina tsaye a wurin, ganyen bishiyar har a hulata yake faɗowa. Wanda ya ce ban gani ba, ya same ni bayan sujada.

Akwai wata mace mai noman gyaɗa, tana da ɗa guda, sunansa Gayus. Uban yaron ya tafi tun yaron yana goye, ya kafa wani gida a wani gari, bai sake waiwayowa ba. Ita take noma, ita take girbi, ita take cire wa yaron ƙaya a ƙafa.

Da yaron ya yi wayo, sai ya ga kowane yaro a unguwa yana da wanda yake ce wa Baba. Wata rana uwar tana tankaɗe, ya zo ya tsuguna ya ce, "Mama, ina nawa Baban?"

Maganar ta yi mata nauyi. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ubanka yana sama."

A ranta kuwa ta ce ba ƙarya ta yi ba, ai kowace Lahadi ga Uba na sama ake addu'a. Yaron ya ɗaga kai ya dubi jinka. Ita kuma ta ɗauka magana ta mutu.

Ashe daga ranar yaron ya kama hawa. Ya hau turmi, ya hau katanga, ya hau rumbu. Maƙwabta suna dariya suna ce mata, "Anya ba ɗan akuya kika haifa ba?" Ba wanda ya tambayi abin da yake nema a can.

Ran wata Lahadi da rana, an tashi daga sujada, sai muka ji murya daga babban mangwaron bayan majami'a tana kiran Baba. Muka ɗaga kai. Ga Gayus can ƙoli, inda rassa suke sirara kamar karan dawa, ƙasa kuma duk duwatsu.

Uwar ta zo a guje. Ta ce, "Gayus, sauko."

Ya ce, "Sai ya amsa. A turmi bai ji ni ba, a rumbu bai ji ni ba. Nan ya fi kusa."

Wata tsohuwa ta ce, "Sauko jikana, Babanka yana barci, kada ka tashe shi."

Ya ce, "Kaka, rana ta yi tsaka. Barcin ya isa." Ya ƙara hawa reshe guda.

Sai Dattijo Barnaba mai buga ƙararrawa ya yi dabara. Ya zagaya bayan katanga, ya cusa kansa cikin randa don murya ta yi kauri, ya ce, "Ɗana, ni ne Babanka. Sauka ƙasa."

Yaron ya leƙo ya ce, "Baba Barnaba, ina ganin ƙafafunka. Takalminka ɗaya ma ya tsinke." Ya ƙara hawa. Reshen ya lanƙwasa, ya yi ƙara. Dariyar da ta fara fitowa ta koma ciki.

Da ni ne zan hau. Ni da a zamanina nake hawan giginya da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙwaryar kunu, ba ta zuba. Amma reshen nan ba zai ɗauki mutum biyu ba, yaron kuma in ya ga ana binsa sama zai ƙara yi.

Sai matar ta matsa gindin bishiyar. Abin da ta ɓoye shekara da shekaru, ga shi dole ta faɗe shi da ƙarfi, gaban dukan ikkilisiya.

Ta ce, "Gayus, ubanka ba ya sama. Ni ce ban faɗa maka daidai ba."

"To yana ina?"

"Yana ƙasa kamar mu, a wani gari mai nisa. Ya tafi kana goye."

"Don ina yawan kuka?"

"A'a. Magana ce ta manya, tsakanina da shi. Kai ba ka yi komai ba."

"Zai zo?"

Mata suna ta yi mata raɗa, ce masa gobe, ce masa ran Kirsimeti. Ta ce, "Ban sani ba. In na sani, kai zan fara faɗa wa."

Yaron ya gyara zama a kan reshen. Can ya ce, "To gidanmu su wa ke nan?"

"Ni da kai. Shi ma gida ne."

"Da akuya."

"Da akuya."

Sai ya dubi ƙasa, a lokacin ya ga nisan da ya yi. Ya ce, "Mama, ban iya sauka ba."

Ta ɗaure zani, ta hau har inda reshe zai ɗauke ta, ta riƙa kama ƙafarsa tana ɗora ta inda zai taka, har suka iso ƙasa. Tun daga ranar bai sake tambaya ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: matar nan ita ce duk mai riƙon yaro shi kaɗai, mace ko namiji, ko mutuwa ce ta raba ko zaman ne ya ƙi. Mangwaron kuma shi ne inda amsarka take kai yaro. Kai ka yi magana don ka huta, shi kuwa ya ɗauke ta yadda ka faɗa, ya bi ta da ƙafa. Uba na sama gaskiya ne, yana kuma riƙe da yaran nan fiye da mu, amma ba a ba mu sunansa don mu ɓuya a bayansa ba.

Ku lura, ba ta zagi uban ba, ba ta kuma kwashe dukan abin da ya faru ta jibga wa yaro ba. Ta ba shi gaskiya daidai bakinsa, kamar lomar tuwo. Ta ce ba laifinsa ba ne. Inda ba ta sani ba, ta ce ba ta sani ba. Ku faɗa tun a gida, kan tabarma, kafin ta kai ku faɗa da ihu a gindin bishiya.

Randar Barnaba kuwa mu ne, 'yan ikkilisiya masu taimako da ƙarya. In kana son taimakon irin wannan uwa, kai mata hannu a gona, ka zauna kusa da ita ranar da za ta yi maganar, ka bar randa ta yi aikin ruwa.

Abu ɗaya ne kawai na ƙara daga aljihuna, don labari ya zauna da kyau. Na ce yaron bai sake tambaya ba. Ya tambaya washegari, ya tambaya da kaka, ya tambaya da ya shiga makaranta, kowane lokaci tambayar ta fi ta baya girma. Ita kuma takan ajiye abin da ke hannunta ta amsa. Yakan yi tambayar yana zaune kusa da ita, ƙafafunsa biyu a ƙasa.