Manomin da Ya Rage Tumbi Ya Rasa Damtse

Ɗan'uwa, ranar da sikeli ya ce maka ka ragu, ka tsaya ka tambayi kanka me ya fita daga jikinka? Ku kasa kunne ga wannan misali.

Akwai wani manomi, ƙaƙƙarfan mutum, wanda in an kira gayya kunyarsa ce ke fara kaiwa bakin gona. Allah ya buɗa masa, kowace kasuwa sai ya ci tsire da balangu, har ya ajiye tumbi. Wata rana bayan girbi jiri ya ɗebe shi, aka kai shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, dole ya rage ƙiba. Yana cikin yi masa bayanin yadda zai yi, mutumin ya miƙe ya ce ya gane.

Da ya koma gida ya bar nama, ya bar ƙwai da nono, ya ce daga yau sai abin da ƙasa ta tsirar. Wannan kam ba laifi ba ne. Amma da matarsa ta kawo masa faten wake da zogale, sai ya ture kwanon.

Ya ce, "Wake kumburin ciki ne. Gyaɗa kuwa duk mai ce. Ki dafa mini alayyafo da kabeji, ki kawo ruwan zafi da lemun tsami."

Ta ce, "Haba, Baban Rifkatu! Tumakinka ma kana zuba musu harawa don kada su zube. Kai ruwan zafi ne zai riƙe ka?"

Ya ce, "Ni tunkiya ce?"

Ta ɗauke kwanonta.

Da can duk rani shi ke buga tubali, shi ke jidar taki zuwa gona. A wannan shekara ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce mai ɗan ci ba ya aikin ƙarfi. Ranar kasuwa sai ya je ya hau sikelin masu sayen hatsi, su kuwa su ɗauki ihu, "Ya sake sauka!" Ranar Lahadi a ƙofar majami'a ana ta riƙe hannunsa, ana cewa, "Kai, ka koma saurayi! Faɗa mana asirin."

Taubashinsa kaɗai ya dube shi ya ce, "Tumbin dai na ga ya tafi, Allah raka taki gona. To ina damtsen? Ko tare ka sallame su?"

Ya ce, "Hassada ce ke cinka, kai da kake kamar buhun gero."

Ana nan, damina ta sauka, shuka ta tashi, lokacin huɗa ya yi. Aka fara gayya a gonar taubashin nan. Makaɗi ya saki kiɗa, kowa ya kama kunyarsa. Mutumin ya ɗaga garmar da ya saba wasa da ita, ya ji kamar an ɗora masa turmi. Ya sara, ya sake sara. Bai kai tsakiyar gona ba ya durƙushe. Waɗanda suka yi ta yabonsa a ƙofar majami'a su ne suka fara dariya. Ɗayansu ya ce, "Saurayi, koma gindin ɗorawa ka tsare mana kunu."

Al'adar garin kuwa, wanda bai taya ba, ba a taya shi. Aka zaga gonaki duka, aka tsallake tasa. Taubashinsa ya zo da garmarsa bayan ya gama nasa aikin, amma ciyawa ta riga ta shaƙe dawar. Da kaka ta yi, abin da aka kwaso bai rufe ƙasan rumbu ba.

Matarsa ta leƙa rumbun, ta juyo ta ce, "To, madalla. Bana dukanmu za mu rame, ba sai likita ya faɗa mana ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: a jikin mutum akwai kitse, akwai tsoka, sikeli kuwa bai san bambancinsu ba, nauyi kawai ya sani. Kitse ajiya ce, tsoka ita ce ma'aikaciya. In ka hana jiki abinci mai gina shi, ka kuma hana shi aiki, sai ya juya ya ci tsokarsa, kamar maigidan da ya cire azarar ɗakinsa ya hura wuta. Wanda ya bar nama bai rasa abin gina jiki ba. Ga wake, ga waken suya da awararsa, ga gurjiya, ga ƙuli-ƙuli, ga daddawa a miya, ga zogale a bayan gida. Abin da ya kamata a rage shi ne tulin tuwo, da sukari, da soye-soye, a hankali, ba rana ɗaya ba. Damtse kuma sai an ba shi aiki yake zama: ɗibar ruwa, faskare, ɗaukar kaya, tafiya da ƙafa.

Haka yake a rayuwar mai bi. Akwai masu bangaskiyar da duk ragi ce: na bar giya, na bar gulma, na bar wancan. Da kyau! To me ka ci? Yaushe rabonka da Maganar Allah? Nauyin wa ka taya ɗauka? Wanda ya zubar da zunubi bai ciyar da ruhunsa ba, ranar gwaji zai durƙushe a tsakiyar kunya.

Abin da ya fi ci mini rai, 'yan'uwa, shi ne mutanen ƙofar majami'a, domin mu ne. Muna ganin ɗan'uwa yana zubewa, muna tafa masa, ba wanda ya tambaye shi abin da yake ci. Ranar da ya faɗi kuwa haƙoranmu ne a waje.

Saboda haka ina roƙonku. In kai ne mai rage ƙiba, koma wurin likita ka ji bayanin har ƙarshe, ka sa wake a tukunya, ka ɗauki gatari. In kuwa maƙwabcinka ne, kada ka jira Lahadi ka yaba masa. Yau ɗin nan ka ɗebi mudun wake, ka je gidansa, ka zauna, ka tambaye shi me ya ci tun safe.