Wa Zai Riƙe Haladu Ƙarami

Ku gyara zama. Wannan magana dattawa sun sha ja-in-ja a kanta ba su ƙare ba, bari mu ga ko ku za ku iya.

Wata yarinya Kubura ta bi mijinta Haladu ci-rani can wani gari na kudu. Cikinta bai tsufa ba zazzaɓi ya kwantar da ita, da ƙuraje da jan ido. Ta warke da wuri, amma a asibiti aka ce sauro ne ya sa mata ƙwayar cutar da ake kira Zika, wadda takan ƙyale uwa ta taɓa ɗan da ke ciki. Aka gargaɗe ta cewa ko an haife shi garau, sai an riƙa auna kansa, ana duba idonsa da kunnensa, har ya yi tafiya ya yi magana. Kafin ta haihu Haladu ya rasu a hatsarin mota. Haihuwar fari a gida ake yin ta, ita kuma iyayenta sun riga mu gidan gaskiya, sai ta koma ƙauye wurin surukarta Iya Tabawa, ko sallama ba ta yi da asibitin ba. Ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan ubansa. Mata suka ji ta taho da ciwon kudu, sai suka riƙa yin barka daga soro suna juyawa. Gidan ya yi tsit, mace biyu da jariri, kowacce da nata kukan a ciki.

A asibitin nan akwai malamar jinya mai suna Hansatu, ta manyanta, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ta ga Kubura ta ɓace, hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta bi zango tana tambaya, ta bi tasha, har ta samu direban da ya san ƙauyen. Da hutunta ya zo ta taho da abin awonta a jaka. Ta auna kan yaro, ta duba idonsa, ta ga babu matsala. Amma ta zaunar da su ta ce kunne yakan ɓoye nasa, su sa ido ko yana firgita da ƙara, in sun ga akasi su tafi babban asibitin birni. Da ba ta zo ba, da babu wanda ya san abin da zai nema.

Iya Tabawa ta taɓe baki, ta ce angonta lafiyarsa ƙalau, haƙuri ne ya gado wurin ubansa. To, ita ce mai goyonsa, don kun san kunyar ɗan fari: uwa ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, balle ta kira sunansa. Wata rana tsohuwa na daka da shi a baya, faranti ya suɓuce ya faɗi, kaji suka watse, yaro ko motsi. Ta sauke shi, ta koma bayansa ta buga taɓarya a turmi, bai waiga ba. Ta zauna ta yi kuka mai isarta. Sannan ta haɗiye maganarta, ta saɓa shi duk da gwiwoyinta masu ciwo, ta yi ta zarya birni har aka sa masa na'urar ji. Da ba ta lura ba, da lokacin gyara ya wuce.

Likita kuma ya ce na'ura kaɗai ba ta koyar da magana, sai an samu mai zama gabansa kullum yana kallon bakinta. Hansatu tana nesa, Iya Tabawa kuwa haƙora sun yi ƙaura, ko mu sai mun kasa kunne muke gane ta. Sai Kubura ta ajiye kunya. Ta riƙa ɗora shi a cinya a tsakar gida, a bakin rijiya, tana yi masa hira, tana kiran sunan nan da ya haramta gare ta sau biyu, na ɗan fari kuma na miji. Gari ya ɗauka cewa ba ta da ta-ido, 'yan matan da suka rage mata ma suka janye. Ba ta fasa ba, har ranar da ta ce "Haladu" ya juyo ya amsa.

Yanzu an yaye shi. Wani mutumin kirki daga wani gari ya fito neman Kubura, al'ada kuma ta ce ɗa na gidan ubansa ne. Iya Tabawa ta ce, "Shi kaɗai ɗana ya bar mini. In kun tafi da shi, ku haƙa mini kabari tukuna." Hansatu ta roƙi a ba ta riƙonsa, ga likitoci kusa da ita, ga awo bai ƙare ba, ga ɗakinta babu kowa. Kubura kuwa ta ce, "Bakina yaron nan ya sani."

Yaro ɗaya ne, ba ya rabuwa uku, kuma duk wadda aka hana za ta koma ɗaki ita kaɗai. To, ku faɗa mini, wa za a miƙa wa Haladu?