Ɗanjummai da Gidan Alƙali

An yi wani direban a-kori-kura, Ɗanjummai, da ya ajiye motarsa a filin wani kamfanin fakin. Kamfanin ya ce ya wuce lokaci, sai kamfanin ya karɓo adireshinsa daga ofishin rajistar motoci. Ma'aikatan kamfanin suka diro masa gida neman kuɗin tara ranar sunan ɗansa, suka kunyata shi a gaban surukai. Ya kai ƙarar ofishin rajistar, ya ce an tona masa asiri.

Alƙali ya yi dariya ya ce, "Adireshi ai ba asiri ba ne. Kawo min asirin in riƙe a hannuna, ko in kori ƙarar."

Ɗanjummai ya waiga, ya ga kotu cike da dangin waɗanda alƙalin ya ɗaure. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yana da nauyi, sai dai in kawo maka gida. Wace unguwa kake? Ɗaga murya, ba na ji sosai."

Wani ƙato daga baya ya ce, "Mu ma muna saurare!"

Alƙali ya zabura. "Kai! Kowa ake faɗa wa gidan mutum?"

Ɗanjummai ya ce, "To ga shi nan a hannunka, Malam."

Alƙali ya gyara rawani, ya ce a kirawo shugaban ofishin rajista ya zo ya amsa ƙara.