Tsahare da Matattakalar Alhaji Makau

An yi wata gurguwa mai suna Tsahare, bakinta ya fi reza kaifi. Rannan aka rufe mata layin waya, ta garo kekenta zuwa kantin Alhaji Makau, inda ake rajistar layi. Sai ga matattakala doguwa, ba inda keke zai bi. Ta kai ƙara gaban alƙali.

Alhaji Makau ya gyara babbar riga ya ce, "Allah ya gafarta malam, ta kawo mini gurgu ɗaya da ya taɓa shiga kantina ya koka. In ta kawo, gobe in gina musu gangara."

Alƙali ya ce, "Kin ji. Ba shaida, ba ƙara."

Tsahare ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ba gurgun da ya taɓa shiga?"

"Wallahi ko ɗaya! Tun da na buɗe!"

Ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa. "Allah ya gafarta malam, ga shaidata nan cikin babbar riga! Na ce ba ma iya shiga, shi kuma har rantsuwa ya yi mini kyauta."

Alƙali ya yi dariya har rawani ya karkace. "Alhaji, doka ta ba su hanya. Je ka nemo siminti."

Tsahare ta ce, "Ya saro da yawa, malam. Ƙofar kotun nan ma, ɗauko ni aka yi."

Dariyar alƙali ta tsaya cak.